Gangamin Tara Tsofaffin Takardu a Makarantu da Matsayinsa Wajen Wayar da Kan Ɗalibai Game da Muhalli

GABATARWA

Duk ƙarshen zangon karatu, da zarar ɗalibai sun watse, abin da kan biyo baya a makarantu da yawa shi ne hayaƙi. Masu shara kan tattaro cikakkun littattafan rubutu da takardun gwaji da tsofaffin sanarwa, su tsiba su a bayan azuzuwa, su cinna musu wuta. Ganin irin wannan asara ne ya sa ƙungiyoyin ɗalibai masu kishin muhalli sukan tashi da gangamin tara takardu, da niyyar a kai su inda za a sake sarrafa su. Wannan maƙala za ta duba asalin irin wannan gangami a ƙasashen da ya yi ƙarfi, da abin da ya riƙe shi, da abin da ya kayar da shi, sa'an nan ta auna shi da halin da makarantun ƙasar Hausa ke ciki. Abin da ake son nunawa shi ne, tara takarda rabin aiki ne, kuma ɗalibin da aka koya wa tarawa ba tare da an nuna masa inda takardar ke ƙarewa ba, an ba shi aikin yi ne kawai, ba a wayar masa da kai ba.

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance abubuwa biyu da akan cakuɗa su a magana. Akwai sake amfani, watau a ɗauki abu yadda yake a yi wata hidima da shi, kamar a naɗe ƙosai da tsohuwar jarida. Akwai kuma sake sarrafawa, watau a narkar da abin a mai da shi ɗanyen kaya, a ƙera sabo daga gare shi. Na farkon tsohon abu ne a wurin Bahaushe. Na biyun kuwa sai da masana'anta.

TAKARDA DA ASALINTA

Ita kanta takarda da tsummoki aka fara ta. Tarihin ƙasar Sin ya danganta ta da wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun, wanda a shekara ta 105 Miladiyya ya haɗa ɓawon itace da tsumma da tsofaffin tarun kamun kifi ya yi abin rubutu da su. Daga nan har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, masu yin takarda a ƙasashen Larabawa da Turai da tsumman auduga da na lilin suka dogara. Sai a shekarun 1840 aka gano dabarar niƙa itace a yi takarda da shi, kuma tun daga lokacin ne maganar takarda ta haɗu da maganar daji.

A ƙasar Hausa kuwa takarda baƙuwa ce mai tsada. Masana harshe na ganin kalmar ta shigo ne ta bakin Azbinawa, asalinta kuma daga sunan da Girkawa da Romawa suke kiran abin rubutu da shi. Ayarin raƙuma ne ke ɗauko ta daga Tarabulus su ƙetaro Sahara da ita, kuma yawancin rubuce-rubucen malaman ƙarni na 19 da ke ajiye a yau an yi su ne a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku. Saboda tsadarta ba a ba yaro ita. Almajiri allo yake rubutu a kai, da tawadar da aka haɗa da ƙaro, in ya haddace ya wanke ya sake wani, har allo ɗaya ya yi masa shekaru. Makarantar boko ce ta zo da littafin rubutu wanda in ya cika ya gama aiki, da shi kuma aka sami matsalar da ba a san ta ba a makarantar allo.

INDA GANGAMIN YA SAMO TUSHE

Mai karatu zai iya zaton kishin muhalli ne ya haifi wannan gangami. Ba haka ba ne, ƙarancin kaya ne ya haife shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta bukaci kwali mai yawa don ƙunshe harsasai da abincin soja da magunguna, ga shi kuma masu saran itace sun tafi fagen fama. Sai hukuma ta juya ga 'yan makaranta, aka laƙaba musu sunan dakarun takarda, suna bi gida gida da amalanke suna karɓar tsofaffin jaridu. A 1945 aka shirya wa 'yan sikawut wani gangami da sunan Janar Eisenhower, inda duk yaron da ya tara nauyin da ya kai wajen kilo 450 yake samun lambar yabo.

A Tarayyar Sobiyat abin ya zama wani ɓangare na rayuwar makaranta. Yaran ƙungiyar matasa ta jam'iyya sukan yi gasa aji da aji wajen tara tsohuwar takarda, wadda suke kira makulatura. A 1974 hukuma ta ƙara wata dabara: duk wanda ya kai kilo 20 za a ba shi tikitin da zai sayi littafin da ba a samu a kanti, irin su ƙagaggun labaran Alexandre Dumas. Ga mai nazarin adabi akwai abin lura a nan, domin ƙishirwar karatu ce aka yi amfani da ita wajen jawo takarda daga gidaje. Jamus ta Gabas ma tana da irin wannan tsari mai suna SERO, da rumfunan saye a unguwanni inda yara ke kai jaridu da kwalabe a biya su. Da ƙasar ta haɗe da Jamus ta Yamma a 1990, tallafin hukuma ya yanke, tsarin ya rushe cikin ɗan lokaci, ko da yake yaran da tarbiyyarsu suna nan.

Sai a 1970 ne gangamin ya sa rigar muhalli. Ran 22 ga Afrilu na wannan shekara aka yi bikin Ranar Duniya na farko a Amurka bisa kiran Sanata Gaylord Nelson, mutane wajen miliyan 20 suka fito, makarantu da jami'o'i ne kuma suka ɗauki nauyin abin. A shekarar ne wani kamfanin kwali ya sa gasar zane, wani ɗalibin jami'a mai shekara 23, Gary Anderson, ya ci da zanen kibau uku masu bin juna, wanda har yau shi ne alamar sake sarrafa kaya a duniya. Akan fassara kiban da cewa ɗaya tarawa ce, ɗaya sarrafawa, ɗaya kuma sayen abin da aka sarrafa. Gangamin makaranta a kibiya ta farko kaɗai yake tsayawa.

Abin da kan faru in sauran kiban biyu suka gaza, an gan shi a fili. A ƙarshen shekarun 1980 garuruwan arewa maso gabashin Amurka suka tara jaridu fiye da abin da masana'antu za su iya sha, farashi ya faɗi ƙasa warwas, har ya zama garin da a da ake biyansa kuɗin tsohuwar jarida shi ne ke biya a kwashe masa. Sai da wasu jihohi, kamar Kalifoniya a 1989, suka yi dokar tilasta wa masu buga jarida amfani da takardar da ke da kason tsohuwa a ciki, sa'an nan kasuwa ta farfaɗo. Haka aka sake gani a 2018, lokacin da ƙasar Sin, wadda a lokacin ita ce babbar mai sayen tsohuwar takarda a duniya, ta hana shigo da takardar da ba a tantance ba. Takardun da jama'a suka ware da kyakkyawar niyya a Turai da Amurka suka yi ta taruwa a ɗakunan ajiya, wasu aka ƙone, wasu aka binne.

YADDA AKE SARRAFA TA

Takarda siraran zaruruwa ne na tsiro da suka sarƙe da juna suka bushe. In an kai tsohuwa masana'anta, sai a zuba ta cikin wata ƙatuwar tukunya mai ruwa, injin ya dama ta har ta koma kamar kunu. A tace kunun a fid da ƙusoshin maƙala takarda da leda da yashi. In farar takarda ake so, sai a zuba wani irin sabulu a hura iska ta ƙasa, tawada ta manne wa kumfa ta taso sama a kwashe. Daga nan a shimfiɗa kunun a kan raga mai gudu, ruwa ya tsiyaye, a matse, a busar a kan manyan gangunan ƙarfe masu zafi, a naɗe.

Abu biyu ne ya kamata ɗalibi ya riƙe daga wannan bayani. Na farko, duk zagaye zaren yana gajercewa, ƙiyasin da aka saba bayarwa kuwa shi ne sau biyar zuwa bakwai kafin ya kasa riƙe juna. Saboda haka farar takarda kan sauka ta zama jarida ko kwali, kwali ya zama kiret ɗin ƙwai, kuma ba a taɓa rabuwa da bukatar sabon zare. Na biyu, takardar da ta jiƙe ta ruɓe, ko ta sha mai, ba ta da amfani ga masana'anta, har ma takan ɓata wadda ta haɗu da ita. Tsibin da aka tara aka bari a fili damina ta same shi ya zama shara.

Akwai kuma lissafin nauyi, wanda masu shirya gangami ba su cika yinsa ba. Fallen takardar ofis da aka saba amfani da ita giram 5 ne. Rim guda mai falle 500 kilo biyu da rabi ke nan. Kafin a cika tan ɗaya sai an tara rim 400, watau falle 200,000. Makaranta mai ɗalibai dubu, sai kowane ɗalibi ya kawo falle 200 kafin a sami tan guda, tan guda kuwa bai isa ya sa mai babbar mota ya tayar da injinsa ba.

HALIN DA AKE CIKI A NIJERIYA

Nijeriya ta taɓa kafa manyan masana'antun takarda uku: ta Jebba wadda ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1960, da ta Oku Iboku mai yin takardar jarida wadda aka buɗe a shekarun 1980, da ta Iwopin a Jihar Ogun. Dukkansu sun dogara da dogon zare da sinadarai da kayan gyara daga waje, da kuɗin musaya ya yi wuya kuma suka durƙushe a shekarun 1990, daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa. Tun daga nan yawancin takardar rubutu da ta ɗab'i daga ƙetare ake shigo da ita. Masu sayen tsohuwar takarda don yin kwali da takardar goge-goge suna nan, amma manyansu a kudu suke, wajen Legas da Ogun, tsakanin Kano da Legas kuwa tafiyar wajen kilomita dubu ce. Wannan ne dalilin da ya sa 'yan jari-bola, waɗanda suka fi kowa sanin darajar abin da aka yar, suka fi bin ƙarfe da tagulla da gorar ruwa. Takarda tana cin wuri, tana tsoron ruwa, kuɗinta kuma kaɗan ne.

Amma fa kada a ɗauka tsohuwar takarda ba ta da kasuwa a ƙasar Hausa. Mai ƙosai da mai tsire da mai gyaɗa da mai ƙusa a kasuwa duk masu sayenta ne, tela ma yakan yanka samfurin ɗinki da ita, buhun siminti kuwa an daɗe ana naɗe kilishi da balangu da takardarsa. Ɗalibin da ya kai tsofaffin littattafansa ga mai ƙosai ya riga ya shiga harkar tun kafin wata ƙungiya ta kira shi taro. Sai dai wannan hanya tana da nata aibi, domin mai mai zafi yana narkar da tawadar ɗab'i ta shiga abinci, abin da ya sa hukumar kula da abinci ta Indiya ta hana naɗe abinci da jarida a dokokinta na 2018. Gangamin da bai yi la'akari da waɗannan masu saye ba zai tarar suna gasa da shi, kuma sau da yawa su ne za su fi biya.

Babban kuskuren da ya kamata a guje masa shi ne na maganar itatuwa. Kusan kowane gangami da taken ceton itace yake tafe, har akan ce tan ɗaya na tsohuwar takarda yana ceton itatuwa 17. Wannan adadi ƙiyasi ne da aka yi a Amurka, ya kuma danganta da irin itacen da girmansa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, ba don takarda ake sare itatuwan ƙasar Hausa ba. Kirya da marke da ƙanya da ɗorawa suna faɗuwa ne saboda itacen girki da gawayi da faɗaɗa gona. Takardar da ɗalibin Katsina ko Damagaram ke rubutu a kai daga gandayen itatuwan da aka shuka a wasu nahiyoyi ta fito. Idan aka ce masa littafin da ya kawo zai tare hamada, an gaya masa abin da ba haka yake ba, ranar da ya gane kuwa zai yi shakkar sauran abin da aka koya masa. Amfanin da yake na gaskiya ya isa a faɗa ba tare da ƙari ba: raguwar hayaƙin da ake shaƙa a harabar makaranta, da raguwar abin da ke ruɓewa a juji yana fid da iskar da ke ɗumama duniya, da ƙarancin ruwa da wutar da masana'anta ke ci in da tsohuwar takarda take aiki, da kuɗin musayar da ake kashewa wajen shigo da kwali.

WAYAR DA KAI KO GASA

Taron da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira a birnin Tbilisi a 1977 kan ilmin muhalli ya ware manufofi biyar: farkawa, da sani, da sauyin hali, da ƙwarewa, da shiga aiki. A Nijeriya maganar ta ƙara ƙarfi bayan an gano gubar da aka jibge a garin Koko a 1988, abin da ya kai ga kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Gangamin tara takarda yana cika manufa ta ƙarshe cikin sauƙi, domin kowa na iya ganin yara ɗauke da ƙunshi. Ko yana kaiwa ga sauyin hali, wannan ita ce tambayar.

An gwada. A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Witmer da Geller, suka buga sakamakon binciken da suka yi a ɗakunan kwanan ɗalibai na wata jami'a a Jihar Bajiniya ta Amurka. Sun tarar roƙo da sanarwa kaɗai ba su ƙara yawan takardar da ake kawowa sosai ba, gasa da kyauta kuwa sun ƙara ƙwarai, amma da aka janye kyautar sai ɗalibai suka koma yadda suke a da. Wani bincike na Catlin da Wang a 2013 ya nuna abin da ya fi wannan ban mamaki: mutane sun fi ɓarnar takarda in sun ga kwandon tarawa a kusa, kamar dai kwandon ya ɗauke musu nauyin laifi. Ga shi kuma gasar aji da aji tana ba da lada ne ga wanda ya fi kawowa, alhali kuwa wanda ya fi kiyaye muhalli shi ne wanda ya rubuta gaba da bayan fallensa har bai bar abin kawowa ba. Ɗan mai kuɗi da ake sayen jarida a gidansu kullum zai ci kyauta, ɗan talaka mai littafi ɗaya ya koma gefe.

Maganin wannan ba daina gangamin ba ne, a miƙa wa ɗalibai dukan lissafin ne. Su ne za su nemo mai saye kafin a tara falle ɗaya, su ji farashinsa da irin takardar da yake karɓa, su auna, su rubuta, su san abin da mota za ta ci, su kuma bayyana wa 'yan'uwansu inda kuɗin ya shiga. In ya yiwu makarantun gari guda su haɗa kayansu don su cika mota. A Japan, inda ake dawo da wajen kashi 80 cikin ɗari na takardar da aka yi amfani da ita, ƙungiyoyin iyaye da malamai da na yaran unguwa suna tarawa ne a ranaku sanannu, dillali na jira, ƙaramar hukuma kuma a wurare da yawa tana ƙara musu wani abu a kan kowane kilo. Al'ada ce ta kowane wata, ba bikin shekara ba.

ABIN DA BA A ZUBAWA A KWANDO

Akwai wani al'amari da littattafan da aka rubuta a Turai ba za su ambata ba, amma shi ne zai iya tayar da ƙura a makarantar ƙasar Hausa. Bahaushe ya tashi ya ga dattijo yana sunkuyawa ya ɗauke takarda mai rubutun Larabci daga ƙasa, ya soke ta a jikin katanga ko ya kai ta inda ƙafa ba za ta taka ba, don gudun kada sunan Allah ya wulaƙanta. Littattafan darasin addinin Musulunci da na Larabci cike suke da ayoyi da hadisai, rubutun ajami ma yakan fara da bisimilla, ɗalibai da yawa kuma sukan buɗe ko da littafin lissafi da ita. Tun da wani kaso na tsohuwar takarda takardar goge-goge yake komawa, ba ƙaramin abu ba ne a ce irin waɗannan sun bi motar. Hanyar da malamai suka sani game da rubutu mai alfarma da ya tsufa ita ce a ƙone shi a wuri mai tsarki ko a binne, suna kafa hujja da abin da Halifa Usmanu ya yi da sauran kofe-kofen Alƙur'ani bayan an daidaita mushafi. Saboda haka tilas a ware musu akwati dabam, a sa malamin addini ya kula da shi, a kuma sanar da iyaye tun farko. Haka ɗalibai Kirista za su so a yi da shafukan Littafi Mai Tsarki.

Takardun jarrabawa da na ofis masu ɗauke da sunaye da maki su ma ba na kwandon kowa ba ne. Ba baƙon labari ba ne mutum ya sayi ƙosai ya tarar da sakamakon wani a jikin ƙunshin. Irin waɗannan sai an yayyaga su ko an jiƙa kafin su bar harabar makaranta.

Jiƙawar ma tana iya zama darasi. In aka yayyaga takardun aka bar su cikin ruwa kwana ɗaya, aka kirɓa a turmi, aka dama a baho, sai a nutsa rariya mai faɗi a ɗago ta a hankali, a kife abin da ya kwanta a kai bisa tsumma, a matse, a shanya. A zafin bazara kafin la'asar ya bushe. Fallen da zai fito toka-toka ne saboda tawadar da ba a cire ba, yana da kauri da kaushi, biro na tafiya a kansa amma tawadar ruwa tana bajewa. Ya isa yin bangon littafi ko katin sanarwa, kuma ɗalibi na iya yaga gefensa ya ɗaga a rana ya ga zaruruwan da idonsa.